Dutsen Dala da Shimfiɗar Cadi: Tarihin Ƙasar da Birnin Kano Yake Zaune a Kanta

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi ba da tarihin Kano, daga Dutsen Dala yake farawa. Littafin nan da aka fi sani da Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, da Dala ya buɗe: wani ƙaƙƙarfan maharbi da ya zo ya zauna a dutsen har dutsen ya ci sunansa, sa'an nan Barbushe daga cikin zuriyarsa, mai kula da Tsumburbura, sa'an nan zuwan Bagauda wanda aka ƙiyasta a shekarar 999. Masana sun daɗe suna ja-in-ja a kan ko su wane ne waɗannan mutane da kuma inda suka fito. Amma da wuya a sami wanda ya tsaya ya tambayi asalin dutsen kansa, sai ka ce an ajiye shi ne a nan yana jiran maharbi ya iso.

Alhali kuwa dutsen yana da nasa tarihi, kuma ya fi na mutane tsawo nesa ba kusa ba. Dala bai tsiro daga ƙasa ba. Ƙasar da ke kewaye da shi ce ta zaizaye ta tafi ta bar shi a tsaye. Shimfiɗaɗɗen saman nan nasa, inda mutum yake tsayawa ya hangi birni, shi ne daɓen ƙasar Kano na wani zamani mai nisa. Wanda ya karɓi wannan magana, dole tambayoyi biyu su biyo baya: me ya hana Dala tafiya, kuma ina sauran ƙasar ta nufa? Amsar ta farko tana cikin birni. Ta biyu sai an bi ruwa zuwa gabas, har ƙasar Hadeja da Barno.

Abin da Mahaƙin Rijiya Yake Gani

Tun kafin a sami wani fanni mai suna ilmin ƙasa da duwatsu a jami'o'i, mahaƙa rijiya da magina da maƙera su ne masana ƙasar Kano, kuma kalmominsu sun fi na littafi zama daidai da ita. Har sunayen unguwanni sun adana wannan sani: akwai Marmara, akwai Jar Ƙasa, akwai Kududdufawa, akwai Rijiya Biyu da Rijiya Huɗu.

Idan mahaƙi ya kafa dagi a cikin tsohon birni, abin da zai fara cin karo da shi aikin mutane ne: toka, da fasassun tukwane, da ƙashi, da ƙasar rusassun ɗakuna. Gari irin Kano, wanda aka gina da ƙasa, a kan kufan kansa yake hawa. Shi ya sa ake samun tsohon zaure wanda sai an sauka ake shigarsa daga titi. Bayan wannan sai ƙasa mai laushi mai rairayi, irin wadda manoma ke kira jigawa. Daga nan sai jar ƙasa mai tsakuwa, a wasu wurare kuma sai marmara, mai tauri da ramuka kamar saƙar zuma. Idan aka fasa ta sai a faɗa cikin yumɓu mai dabbare-dabbare, ja da fari da rawaya, daga nan kuma sai ruɓaɓɓen dutse, wanda yake da kamannin dutse amma yana marmashewa a hannu. A nan ne ruwa yakan soma tsattsafowa. Wanda ya ci gaba zai kai inda dagi yake dawowa yana tartsatsi, to, haƙa ta ƙare ke nan. Ba kowace rijiya ce take ratsa dukkan waɗannan hawa ba, kuma kaurinsu yana bambanta ko da tsakanin gida da gida.

Ƙa'idar karanta irin wannan jeri tsohuwa ce: abin da ke ƙasa ya girmi abin da ke samansa, kamar dai sahun tubali a jikin katanga. A Turai ana jingina ta ga Nikolas Steno, wanda ya rubuta ta a 1669. Sai dai Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya riga ya yi bayani a cikin Kitabus Shifa cewa duwatsu masu hawa-hawa laka ce da ruwa ya kwantar lokaci bayan lokaci. Takwaransa Albairuni kuma ya dubi yadda tsakuwa take ƙanƙancewa daga gindin duwatsu zuwa bakin teku a ƙasar Hindu, ya yanke cewa filin nan dā teku ne, koguna suka cike shi. Abin sha'awa, waɗannan malamai biyu suna raye ne a daidai zamanin da ake cewa Bagauda yana sarauta.

Amma a Kano dole a yi hattara da ƙa'idar. Hawan sama, wato juji da jigawa, lalle kwantar da su aka yi, ɗaya bisa ɗaya. Na ƙasa kuwa, daga marmara zuwa ruɓaɓɓen dutse, ba daga wani wuri aka kawo su ba. Dutse ɗaya ne yake ruɓewa a inda yake, daga sama zuwa ƙasa, kamar yadda tsatsa take cin ƙarfe.

Dutsen Gindi

Dutsen nan da yake mai da dagi, shi ne gindin ƙasar Kano da Zariya da yawancin Katsina. Masana suna ɗaukarsa a matsayin harsashin da duk sauran shimfiɗu suka kwanta a kai. Wasu sassansa sun haura shekara miliyan 2,000, amma abin da ya ba shi siffarsa ta yanzu ya faru ne kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, lokacin da manyan ɓangarorin ƙasa suka yi karo, suka tayar da jerin tsaunuka a inda Nijeriya take a yau. A can ƙarƙashin tsaunukan, kilomita da yawa cikin ƙasa, narkakken dutse ya sandare sannu a hankali ya zama giranit, irin wanda ake sassaƙa dutsen niƙa da shi. Wannan dutsen ne ake gani a fili a Fanisau da Rano. Tunda a zurfi ya sandare, ga shi kuma yau awaki suna hawansa, ashe ke nan tsaunuka sukutum sun zaizaye daga kansa.

J. D. Falconer, wanda ya yi safiyon ma'adinai a Arewa a farkon mulkin Turawa, ya kuma wallafa littafinsa a kan duwatsun Nijeriya ta Arewa a 1911, shi ya raba waɗannan duwatsu gida biyu, tsofaffi da ƙanana. Ƙananan su ne masu kuza, irin na Jos da na Riruwai a kudancin Jihar Kano, waɗanda shekarunsu ba su wuce miliyan 200 ba. Falconer ɗin ne ya zama shugaban farko na hukumar safiyon ƙasa ta Nijeriya da aka kafa a 1919.

Kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da Afirka take rabuwa da Amurka ta Kudu, ƙasa ta tsage ta lotsa a kwarin Binuwai da kwarin Cadi, teku ta shigo, har a wani zamani ta haɗe daga Bahar Rum ta dā zuwa gaɓar Gini ta tsakiyar Sahara. Ita ta bar farin dutsen da ake yin siminti da shi a Ashaka. Wata shigowar daga baya, ta yamma, ta bar na Kalambaina kusa da Sakkwato, inda ake tsintar kwanson halittun teku a cikin dutse. A ƙasar birnin Kano ba a sami irin wannan dutsen teku ba. Kano tudu ce tsakanin kwari biyu, na Sakkwato a yamma da na Cadi a gabas. Aikinta a wannan dogon zamani shi ne bayarwa: ana ɗiba daga kanta ana zubawa a wani wuri.

Marmara

Yadda marmara take samuwa abu ne mai sauƙin fahimta, ko da yake yana cin lokaci mai tsawon gaske. A ƙasa mai zafi da yalwar ruwan sama, ruwa yana ratsa dutse yana narkar da abin da zai narku, ya tafi da shi. Abin da ya ƙi tafiya shi ne yumɓu da rairayi da kuma sinadarin ƙarfe. Da damina ruwan ƙarƙashin ƙasa yana hawa, da rani ya sauka. A tsakanin inda yake kaiwa da inda yake komawa, a nan ƙarfen yake taruwa, shekara bayan shekara. Muddin tana binne da danshi, wannan shimfiɗa tana da ɗan laushi. Da zarar ƙasar samanta ta tafi, rana da iska suka same ta, sai ta daskare ta zama dutse, ba ta kuma komawa yadda take.

Wani likita ɗan Sikotlan, Francis Buchanan, ya ga mutanen Malabar a kudancin Hindu suna yanka irin wannan ƙasa suna shanyawa suna gini da ita. A littafinsa na 1807 sai ya laƙaba mata suna daga kalmar Latin mai ma'anar tubali, kuma sunan da masana suke amfani da shi ke nan har yau. Bahaushe bai jira Buchanan ba. Yana da marmara ga dunƙulalliya, da burji ga wadda ta farfashe ake zuba wa hanya, da tama ga wadda ƙarfenta ya isa a narka.

To, a wani zamani, miliyoyin shekaru da suka wuce, ƙasar Kano fili ce shimfiɗaɗɗe wanda ya fi na yanzu tudu, kuma ɓawon marmara ya lulluɓe shi. Da koguna suka soma zurfafa kwarinsu, sai suka tsaga ɓawon. Duk inda ya tsage, yumɓun da ke ƙarƙashinsa ba shi da ƙarfin tsayawa, sai ruwa ya kwashe shi, gefen ɓawon ya rasa madogara ya karye ya gangaro. Haka aka yi ta ci daga gefe, har fili ya koma tsibirai, tsibirai suka yi ta ƙanƙancewa. Dala da Goron Dutse suna cikin 'yan ragowar da suka saura. Dala yana da tsawon mita 534 daga bakin teku, wato wajen mita 50 sama da gidajen da ke kewaye da shi. Wanda ya tsaya a kansa ya dubi Goron Dutse zai lura cewa dukansu biyu kansu a daɗe yake kamar an yanke da wuƙa, kuma tsawonsu bai yi nisa da juna ba. Iskar da ke tsakanin kawunan biyu, dā ƙasa ce. Manyan jajayen duwatsun da ke warwatse a gangaren Dala kuwa, gutsattsarin hularsa ne da suka faɗo.

Inda Ƙasar ta Tafi

Ruwan da ya sauka a birnin Kano gabas yake nufa. Jakara, wadda ta ratsa tsakiyar birni ta gefen Kasuwar Kurmi, tana fita ta yi arewa maso gabas. Kogin Calawa da Kogin Kano suna haɗuwa kafin Wudil su zama Kogin Hadeja, shi kuma ya haɗu da na Jama'are su zama Yobe, wadda take faɗawa Tafkin Cadi. Wannan hanya ce lakar Kano take bi.

Matafiyin da ya bar Kano ya nufi Gumel ko Hadeja zai lura, in yana da lura, cewa duwatsu suna raguwa har su ɓace ɗungum. Dutsen gindi bai ƙare ba. Nutsewa ya yi a ƙarƙashin wata sabuwar shimfiɗa ta rairayi da yumɓu, wadda masana suke kira Shimfiɗar Cadi. C. Raeburn da B. Jones na hukumar safiyon ƙasa su ne suka fara yi mata cikakken bayani a 1934, kuma neman ruwan sha ne ya kai su, ba son sani kawai ba. A bakinta na yamma siririya ce, tana kwance kai tsaye a kan dutsen gindi. Tana ƙara kauri in aka yi gabas, har ta haura mita 500 a ƙasar Barno, inda take kwance a kan tsofaffin shimfiɗu irin na Kerikeri da Fika da Bima. A ma'aunin duwatsu jaririya ce: an soma kwantar da ita ne 'yan miliyoyin shekaru kaɗan da suka wuce, yawancinta ma ba ta kai ga zama dutse ba tukuna.

Hawanta suna ba da labarin yanayi dalla-dalla. Inda aka sami yumɓu mai kauri, toka-toka ko shuɗi-shuɗi, alama ce ta tafki mai faɗi da ruwa kwance, inda laka mai laushi take sauka a hankali. Inda aka sami rairayi da tsakuwa, alama ce tafkin ya ja baya, koguna suna malala a kan busasshen gindinsa. A Bularaba, cikin Jihar Yobe, akwai wata farar ƙasa marar nauyi wadda ba kome ba ce illa kwanson ƙananan halittun ruwa, waɗanda ido ba ya gani, da suka taru a gindin tafki. Tafkin ya cika ya janye sau da dama, kowace tafiya da dawowa ta bar sahunta.

Wannan jeri na yumɓu da rairayi shi ne arzikin Barno. Rairayi yana riƙe ruwa, yumɓu yana rufe shi. A yankin Maiduguri masu bincike sun tarar da matattarar ruwa hawa uku, ta sama da ta tsakiya da ta ƙasa. Ruwan ta tsakiya a matse yake, saboda haka da aka soma huda ta a ƙarshen shekarun 1950 da cikin na 1960, a wurare da yawa ruwa ya riƙa bulbulowa da kansa ba tare da inji ba. An bar rijiyoyi da dama suna zuba dare da rana, ƙarfin ruwan kuwa ya yi ta raguwa, domin mafi yawansa ruwa ne da ya shiga ƙasa dubban shekaru da suka wuce, daminar yanzu ba ta mayar da gurbinsa.

Cikar tafkin ta baya-bayan nan mafi girma ta auku ne kimanin shekara 7,000 da suka wuce, sa'ad da faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 350,000. Gaɓarsa ta wancan zamani tana nan har yau: dogon tudun rairayin nan da ya bi ta Bama da Maiduguri. Mutane kuma sun ga wannan zamani na yalwar ruwa da idonsu. A 1987 wani Bafillatani yana haƙar rijiya a Dufuna, kusa da Kogin Komadugu Gana, sai ya ci karo da itace a zurfin kimanin mita 5. Da masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Farankfot suka tono shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda awo ya nuna ya kai shekara 8,000. Shi ne kwalekwale mafi tsufa da aka samu a Afirka. Mita biyar na laka a kan aikin hannun mutum ya isa ya nuna cewa shimfiɗar ba ta daina ƙaruwa ba.

Abin da Iska ta Dawo da Shi

Kafin wannan yalwa an yi wani matsanancin fari, daga kimanin shekara 20,000 zuwa 12,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta rufe arewacin Turai. Sahara ta matso kudu da ɗaruruwan kilomita, tuddan rairayi suka yi ta tafiya a tsakanin Kano da Cadi, har suka toshe wa koguna hanya. A. T. Grove na Jami'ar Kambirij ya bayyana su a 1958 da sunan tsohuwar hamadar ƙasar Hausa. Yau ciyawa da gonaki sun lulluɓe su, amma suna nan a jere, dogaye, daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, daidai da hanyar iskar hunturu. Daga irin wannan ƙasa Jihar Jigawa ta sami sunanta a 1991. Rairayi mai nauyi ya tsaya a can. Mai laushi da ƙura suka ƙaraso Kano da Zariya suka lulluɓe jar ƙasa da mayafi.

Wannan mayafi shi ne abincin Kano. Yana da sauƙin noma da fartanya, yana shan ruwa, yana karɓar taki. Shi ya ɗauki cunkoson manoman nan na kewayen birni da Michael Mortimore da J. Wilson suka yi nazari a 1965, waɗanda suke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, suna ɗauko takin birni a kan jakuna. Shi ne kuma ya ba da gyaɗar da aka tara dalar gyaɗa da ita bayan isowar jirgin ƙasa a 1911. Ko kalmar dalar gyaɗa, daga dutsen aka aro ta.

Iska kuwa ba ta daina aikinta ba. Hazon da yake rufe Kano kowane hunturu, wanda Grant McTainsh ya auna saukarsa a nan a ƙarshen shekarun 1970, yawancinsa daga arewacin ƙasar Cadi yake tasowa, musamman kwarin Bodele, wanda busasshen gindin tsohon tafkin ne. Ƙurar da uwargida take sharewa daga kan kwanukanta da safe, lakar tafki ce. Ba za a ce ita ce ainihin ƙasar da ta bar Dala ba, domin rabon Yobe a cikin abin da ya cika kwarin Cadi kaɗan ne in aka gwada da na Kogin Shari. Amma dai kwarin da Kano take aika wa laka ta ruwa, shi yake aiko mata da ƙura ta iska.

Ƙarfe, Ganuwa da Kududdufi

Wata ruwaya ta Kanawa ta ce mutanen farko Abagayawa ne, zuriyar wani maƙeri mai suna Kano wanda ya zo daga Gaya neman tama. Ruwayar ta yi daidai da abin da ƙasa ta nuna. An sami kufan matoyar ƙarfe a gindin Dala wadda awo ya kai ta ƙarni na 7 na Miladiyya, wato fiye da shekara 300 kafin Bagauda. Tamar marmara ba ta cika ƙarfe sosai ba, amma a fili take, ba sai an yi rami mai zurfi ba, ga kuma dajin ƙirya na gawayi, ga ruwan Jakara, ga tudun hangen abokan gaba. Da wuya a sami wuri ɗaya da ya haɗa waɗannan huɗu. Unguwar Tudun Maƙera tana nan kusa, ana kuma danganta sunan Ƙofar Mazugal da zuga-zugin maƙera. Sau da yawa ana bayyana tsarkin da mutanen dā suka ba Dala da tsafi kaɗai. Ya kamata a tuna cewa dutsen da yake ba da fartanya da kibiya ba ya bukatar wani dogon dalili kafin a girmama shi.

Ganuwa kuwa jar ƙasa ce aka tayar tsaye. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya soma ta, ɗansa Yusa ya kammala. Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, Muhammadu Nazaki ya ƙara a ƙarni na 17. Bayan cin Kano a 1903, Lugga ya ba da rahoton cewa kewayenta mil 11 ne, tsawonta ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta ƙafa 40. Wanda ya buga lissafi da waɗannan alkaluma zai sami abin da ya kusa mita miliyan ɗaya na ƙasa, tsawo da faɗi da zurfi. Ko da an rage rabi, don ba ko'ina ta kai haka ba, aiki ne na ban mamaki, kuma da kwando aka yi shi, a ka. Daga ramin da ke bin bayanta aka ɗebi ƙasar, saboda haka haƙa ɗaya ta ba da kariya biyu.

Haka abin yake ga gidaje. Kowane soro a cikin birni yana da raminsa a wani wuri. Magina sun san cewa jar ƙasa mai ɗan tsakuwa ita ce ta tubali, domin yumɓu zalla tsagewa yake yi, rairayi zalla kuma ba ya kamawa. Sun san makuba ta shafe, sun san laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, da shi ake shafe rufin soro da cikin karofi. Ramukan da aka bari su ne kududdufai. Baƙi ba su taɓa yabonsu ba: Kilafaton, wanda ya zo a 1824, ya koka da fadamar da ta raba gari biyu da ƙazantar da ake zubawa a ciki, Barth ma, wanda ya hau Dala ya zana birnin a 1851, ya yi irin wannan kuka. Suna da gaskiya ta fuskar sauro da cuta. Abin da ba su gani ba shi ne aikin da kududdufi yake yi a ɓoye.

Ruwa

A kan dutsen gindi babu matattarar ruwa mai faɗi irin ta Barno. Ruwan ƙarƙashin birnin Kano yana cikin ruɓaɓɓen dutsen nan ne, da kuma tsagogin da ke jikin mai taurin. Ajiya ce ƙarama, a rarrabe, kuma daminar bana ce take cika ta. Shi ya sa za a haƙa burtsatse a wannan gida a sami ruwa, a haƙa a maƙwabta a tashi a tutar babu. Ma'aikacin da yake rubuta kwangilar rijiyoyi da zurfi ɗaya da kuɗi ɗaya daga Gwale har Malam Madori, yana auna ƙasa biyu ne da mudu ɗaya. A Malam Madori ƙarin zurfi yana iya kaiwa ga wani sabon hawan rairayi mai ruwa. A gindin Dala, in an wuce ruɓaɓɓen dutse ba a dace da tsaga ba, abin da ya rage asarar man inji ne kawai.

Tun farkon shekarun 1930 hukumar En'e ta gane cewa rijiyoyi ba za su ɗauki birni ba, aka jawo ruwa daga Calawa, aka gina matattara a kan Goron Dutse. Tsawon nan da marmara ta kare, shi yake tura ruwa zuwa famfo. Daga baya aka ƙara Tamburawa, aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, abin da ya rage ambaliyar da take shayar da fadamun Hadeja da Nguru da kuma rairayin da ke ƙarƙashinsu. Duk da haka famfo bai wadatar ba, unguwanni da yawa sun koma ga burtsatse da 'yan garuwa, wato sun koma ga ƙaramar ajiyar nan ta ƙarƙashin gidajensu.

A daidai lokacin da ake ƙara zuƙar ta, ana kuma toshe hanyoyin da take cika. Kududdufi yana tare ruwan sama ya riƙe shi watanni yana tsiyaya cikin ƙasa. An cike da yawa daga cikinsu da shara an yanka filaye, an daɓe tsakar gidaje da siminti, an ɗaure Jakara da kankare. Ruwan da dā yake kwana a unguwa, yanzu ko dai ya wuce cikin sa'a guda, ko ya rasa hanya ya shiga ɗakuna. Ba wanda zai ce a bar kududdufi yadda yake da ƙazantarsa. Amma tsakanin barinsa juji da mai da shi fegi akwai hanya ta uku, wato a yashe shi a killace, kuma ita ce aka fi sakaci da ita. Ga kuma masai da ake haƙawa a hawa ɗaya da rijiya, taku kaɗan tsakani.

Ganuwa da Dala suna cikin jerin wuraren da Nijeriya ta miƙa wa hukumar UNESCO a 2007 don neman a sa su cikin kayan tarihin duniya. Yawancin ganuwar ta riga ta koma inda ta fito, wani sashe ruwa ya cinye, wani an ɗebe an yi tubali, wani an gina a kai. Dala kuwa yana tsaye ne da sharaɗin da ya tsaya a kai tun farko, wato muddin yumɓun da ke ƙarƙashin hularsa yana nan. Gidaje sun hau gangarensa, an sare gindinsa don a sami fili, sawun masu hawa ya zama kwazazzabai. Duk wanda ya tsaya a unguwannin gindin dutsen bayan ruwan Agusta zai ga kwata tana gudu ja wur, ta gangara Jakara, ta nufi madatsar Wasai a ƙasar Minjibir, inda lakar take kwantawa.